Malamai takwas da suka sauya tambayar: fashin baƙi kan aikin Gloria Ladson-Billings

Akwai tambayar da masu binciken ilimi a Amurka suka shafe shekaru suna nanatawa: me ya sa 'ya'yan baƙaƙen fata ba sa taɓuka abin kirki a makaranta? An zuba kuɗi, an cika mujallu da amsoshi. Wasu suka ce talauci ne. Wasu suka ce Turancin da ake yi a gidajen nasu gurɓatacce ne. Wasu ma ba su ji kunya ba suka ce abin a jini yake. A 1965 rahoton Daniel Patrick Moynihan ya ɗora nauyin koma-bayan baƙaƙe a kan yadda iyalansu suke. A 1966 rahoton James Coleman ya nuna cewa gidan da yaro ya fito ya fi kayan aikin makaranta tasiri a kan sakamakonsa. Amsoshin sun sha bamban, amma kusan dukkansu wuri guda suka nuna da yatsa, wato yaron da iyayensa. Makaranta da malami kuwa suka fita fes.

Gloria Ladson-Billings ta yi suna ne saboda ta ƙi amsa wannan tambaya. Ta ce ai a kowace unguwar talakawa akwai malaman da yaran nan suke koyo a hannunsu, kowa kuma ya san su. To me ya hana a je a ga abin da suke yi? Tambayar tana da sauƙi, har mutum ya yi mamakin yadda aka daɗe ba a ba ta muhimmanci ba. Amma a kanta ne ta gina aikin sama da shekara talatin, kuma daga nan ne aka samu abin da yau ake kira koyarwa mai la'akari da al'adar ɗalibi.

An haife ta a 1947 a birnin Filadelfiya. Ta yi digirinta na farko a Morgan State da ke Baltimore, ɗaya daga cikin jami'o'in da aka kafa domin baƙaƙen fata tun lokacin da sauran jami'o'i suka rufe musu ƙofa, ta gama a 1968. Ta yi digiri na biyu a Jami'ar Washington a 1972, ta koyar a makarantun gwamnati na Filadelfiya na tsawon shekaru, sannan ta yi digirin digirgir a Stanford a 1984. Wannan jerin yana da muhimmanci ta fuska guda: ta riƙe alli kafin ta riƙe alƙalamin bincike. Kuma ita kanta ɗiyar irin unguwannin da ake ta rubutu a kansu ce, malamai baƙaƙe ne suka fara ɗora ta a hanya. Duk lokacin da ta karanta cewa irin gidansu ba ya haifar da mai ilimi, ta san da sake.

A 1988 ta fara binciken da ya fito da ita. Ta zaɓi wata ƙaramar gundumar makarantun firamare a arewacin Kalifoniya, mai ɗalibai ƙasa da 3,000, yawancinsu baƙaƙe 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi. Yadda ta zaɓo malaman shi ne ya fi burge ni a cikin aikin baki ɗaya. Ba ta fara da ofishin ilimi ba, ba ta kuma fara da sakamakon jarrabawa ba. Iyaye ta fara tambaya: wane malami ne kuke ganin ya iya koyar da 'ya'yanku? Iyayen suka ba ta sunaye, kuma ma'auninsu ba maki kaɗai ba ne. Suna duba ko malamar tana ganin girmansu in sun je makaranta, ko yaro yana ɗokin tashi da safe ya tafi aji, ko kuma zai yi karatu ba tare da ya dawo gida yana raina mutanensa ba. Daga nan ta je wurin shugabannin makarantu, su kuma suka kawo nasu sunayen bisa nasu ma'auni: zuwan yara makaranta, ƙarancin ƙorafin rashin ɗa'a, da sakamakon jarrabawa. Waɗanda sunansu ya fito a duka jerin biyu su ta nema. Takwas suka amince, dukkansu mata, biyar baƙaƙe, uku fararen fata.

A lura da abin da ta yi a nan. A fagen da aka saba ɗaukar iyayen talakawa a matsayin tushen matsala, ita ta mai da su alƙalan da za su ce wane ne gwani. Tun kafin ta shiga aji ko ɗaya ta riga ta juya lissafin.

Ta shafe kimanin shekara uku tare da matan nan. Ta yi hira mai tsawo da kowacce, tana shiga azuzuwansu ba tare da sanarwa ba, tana ɗaukar darussa a bidiyo. Sannan sai ta tara su wuri ɗaya su kalli bidiyon juna, su fassara wa kansu abin da suke gani. Sakamakon ya fito a littafinta The Dreamkeepers a 1994, inda ta sakaya sunayen malaman da na garin.

Da farko abin ya ɗaure mata kai, domin hanyoyin matan ba su yi kama da juna ba. Wata mai tsauri ce, tana bin littafin koyon karatu daki-daki, baƙi da wasali, maimaici a kan maimaici. Wata kuma ta ajiye irin wannan littafin, tana sa yara su karanta cikakken labari su yi ta muhawara a kai. A wancan lokacin masana a Amurka sun rabu gida biyu a kan waɗannan hanyoyi, kowane ɓangare yana ganin ɗayan ɓata yara yake yi. Ga shi a gunduma ɗaya, hanyoyin biyu duk suna fitar da yara masu karatu. Ashe sirrin ba a dabarar yake ba. Abin da ya haɗa matan takwas yana can ƙasa da dabara: yadda suke ɗaukar kansu, yadda suke ɗaukar yaran, da yadda suke ɗaukar ilimin kansa. Dukkansu sun yarda har zuci cewa kowane yaro a ajin zai iya. Suna ganin kansu 'yan unguwar ne, ko suna zaune a ciki ko suna shigowa sayayya da ibada da sha'anin jama'a. Kuma ba sa ɗaukar yaro a matsayin wanda ya zo hannu rabbana. Sun san ya zo da wani sani daga gida, aikinsu su haƙo shi su ɗora a kai.

Misalan da ta kawo sun fi kowane bayani. Wata malamar aji biyu tana son waƙa, yaranta kuma gambarar zamani suke so, wato rap. Ba ta tsaya yaƙi da gambarar ba. Ta ce kowa ya kawo baitocin da yake so, in dai babu batsa ko zagi a ciki. Aka rubuta baitocin a allo, yara suka rera, sannan ta bi su layi-layi tana nuna musu amsa-amo, da inda mawaƙi ya yi magana kai tsaye da inda ya yi kamance, da yadda ake jera kalmomi masu fara da sauti ɗaya. Yaran da aka ce ba za su gane adabi ba sai ga su suna rarrabe abubuwan da manhajar gundumar ba ta ma nemi ɗan aji biyu ya sani ba.

Wata kuma, farar fata da ta daɗe a aikin, ta riƙa gayyato iyaye da 'yan uwan yara su zo aji a matsayin masu sana'a. Ta fara da wata uwa da aka sani a unguwar da iya gasa wani abin marmari na dankali mai ɓawon fulawa, abincin da baƙaƙen Amurka ke ji da shi. Matar ta zo ta koya wa yara kwaɓa fulawa da haɗa cikin, aka gasa, aka ci. Da a nan aka tsaya, da wasa ne kawai. Amma malamar ta sa yaran suka binciki George Washington Carver, masanin aikin gona baƙar fata da ya yi bincike a kan dankali da gyaɗa, suka tsara yadda za a sayar da abin a kasuwa, suka nemo irin karatun da mutum zai yi ya zama ƙwararren mai dafa abinci, suka kuma rubuta wa matar wasiƙun godiya. Bayanta kafinta ya zo, ma'aikaciyar jinya ta zo, makaɗin coci ya zo. Yaro ya ga uwarsa, wadda ƙila ba ta da takardar shaidar komai, tana tsaye a gaban aji ana sauraronta a matsayin mai sani. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a ran yaro.

Ta uku ta bar 'yan aji shida su yi magana da rubutu da Turancin gidansu, sannan ta sa su mayar da abin da suka faɗa zuwa daidaitaccen Turanci. A ƙarshen shekara sun ƙware a duka biyun, sun kuma san inda kowanne ke aiki.

Daga waɗannan ne ta fitar da ka'idarta a muƙalu biyu da ta wallafa a 1995. Ta ce koyarwar tana tsaye a kan abu uku, kamar duwatsun murhu, in ka zare ɗaya tukunya ta kife. Na farko, dole yaro ya koyi karatu na gaske: karatu, rubutu, lissafi, kimiyya. Na biyu, ya riƙe al'adarsa da harshensa da mutuncin mutanensa, tare da ƙwarewa a aƙalla wata al'adar, musamman wadda ke riƙe da ofisoshi da jami'o'i. Na uku, ya samu idon da zai gane yadda al'ummarsa ke tafiya, wa ya samu, wa ya rasa, kuma don me, har ya iya amfani da karatunsa ya taɓa abin. A kan na ukun nan akwai tasirin Paulo Freire, masanin ilimi ɗan Brazil. Misalinsa a azuzuwan da ta bincika ba wani juyin juya hali ba ne: yara sun lura littattafansu tsofaffi ne, na makarantun masu hali kuwa sababbi, suka bincika yadda ake raba kuɗin makarantu, suka rubuta wa editan jaridar garin wasiƙa. Darasin rubutu ne, darasin lissafi ne, darasin zama ɗan ƙasa ne a lokaci guda.

Ba ita ta fara lura da dangantakar al'ada da koyo ba, ita ma ba ta ce ita ta fara ba. A 1981 Kathryn Au da Cathie Jordan sun nuna yadda karatun yara 'yan asalin tsibirin Hawai ya inganta da aka bar su su tattauna labari irin yadda ake hira a gidajensu, wannan ya faɗi wancan ya ɗora, maimakon kowa ya jira a nuna shi. James Banks na Jami'ar Washington ya daɗe yana shimfiɗa ginshiƙan ilimin al'adu mabambanta. Geneva Gay, ita ma a Washington, ta fitar da littafinta a kan koyarwa mai amsa al'adar ɗalibi a 2000, wanda har yau ake karantawa a kwalejojin horar da malamai. Inda Ladson-Billings ta sha bamban da binciken farko shi ne manufar. Da yawa daga cikin aikin farko yana neman yadda za a lallaɓa yaro ya dace da makaranta yadda take. Ita kuwa ta ce makarantar ma akwai tambaya a kanta.

Da ta fara yawo tana gabatar da sakamakon, amsar da ta fi ji daga malamai da jami'ai ita ce: ai wannan koyarwa ce mai kyau kawai, mene ne sabo a ciki? Har ta sa wannan maganar ta zama kan ɗaya daga cikin muƙalun nata na 1995. Amsarta ita ce ta yarda, koyarwa ce mai kyau. To me ya sa ake samunta da wuya a azuzuwan da 'ya'yan baƙaƙe suka cika? A ganina har yau ba a ba ta amsa ba.

A 1991 ta koma Jami'ar Wisconsin da ke Madison, inda a 1995 ta zama baƙar mace ta farko da ta samu tabbataccen matsayin koyarwa a tsangayar ilimi ta jami'ar. A wannan shekarar ce kuma ita da William Tate suka wallafa muƙalar da ta shigo da wata mazhabar nazari daga fagen shari'a zuwa fagen ilimi. Mazhabar, wadda lauyoyi irin su Derrick Bell da Kimberlé Crenshaw suka gina, tana cewa wariyar launin fata ba ta tsaya ga mugun halin ɗaiɗaikun mutane ba, tana iya zama a cikin dokoki da tsare-tsare ko da babu wanda ya furta kalmar ƙiyayya. Misalin da ya fi fitowa fili a ilimi shi ne kuɗi. A Amurka kaso mai yawa na kuɗin makarantun gwamnati daga harajin gidaje na yankin yake fitowa. Unguwar da gidajenta ke da tsada makarantarta na da kuɗi, wadda gidajenta ba su da daraja kuwa sai ta haƙura. Su wa ke zaune a ina kuma, tarihin wariya a sayar da gidaje da bayar da rance ne ya tsara shi. A 1973 Kotun Ƙolin ƙasar, a shari'ar San Antonio da Rodriguez, ta ce wannan tsarin bai saɓa wa kundin tsarin mulkin tarayya ba.

Wannan tunanin ne ya kai ta ga jawabin da ya fi kowane yaɗuwa a cikin aikinta. A 2006, tana shugabar babbar ƙungiyar masu binciken ilimi ta Amurka, ta tsaya gaban dubban abokan aikinta ta ƙalubalanci abin da kowa ke magana a kai, wato giɓin sakamako tsakanin fararen yara da baƙaƙe da 'yan asalin Latin Amurka da 'yan asalin ƙasar. Ta ɗauko misali daga kasafin kuɗin gwamnati. Giɓin kasafi na shekara guda daban, bashin da ya taru shekara da shekaru daban. Gwamnati na iya daidaita kasafin bana, amma bashin na nan, kuɗin ruwansa na cinye abin da ya kamata a yi aiki da shi. Ta ce bambancin makin jarrabawa na kowace shekara shi ne giɓin. Abin da ke haifar da shi kuwa bashi ne da ƙasar ta ci na ilimin waɗannan al'ummomi, ba ta kuma biya ba.

Ta kasa bashin gida huɗu: na tarihi, na kuɗi, na siyasa, da na ɗa'a. Na tarihin ba ya buƙatar dogon jawabi. A zamanin bauta jihohin kudu da dama sun haramta koya wa bawa karatu ko rubutu. Bayan bauta aka yi makarantun wariya har zuwa hukuncin Brown na 1954, wanda Kotun Ƙoli ta yanke na haramta raba makarantun gwamnati bisa launin fata. 'Ya'yan 'yan asalin ƙasar kuma aka kwashe su zuwa makarantun kwana irin ta Carlisle da aka buɗe a 1879, aka aske musu gashi, aka hana su harshensu. A na kuɗin ta kawo alƙaluma, ciki har da na garinsu: a lokacin Filadelfiya na kashe dala dubu tara da 'yan kai a kan kowane ɗalibi a shekara, maƙwabciyarta Lower Merion, inda fararen fata masu hali suka fi yawa, tana kashe sama da dala dubu goma sha bakwai. Na siyasar shi ne daɗewar da aka yi ana hana iyayen nan ƙuri'a da kujera a inda ake yanke shawarar makarantu. Na ɗa'ar kuma shi ne tazarar da ke tsakanin abin da ƙasar ta san daidai ne da abin da take aikatawa.

Ko hukuncin Brown da ake tinƙaho da shi ba ta ƙyale shi ba. Ta nuna cewa an biya farashi mai tsada: da aka haɗe makarantu a kudu, makarantun baƙaƙe aka rufe, dubun-dubatar malamai da shugabannin makarantu baƙaƙe suka rasa aikinsu. Yaran suka shiga gine-gine masu kyau, suka rasa malaman da suka san iyayensu da sunansu. Yau kusan kashi 80 cikin 100 na malaman makarantun gwamnati a Amurka fararen fata ne, alhali tun wajen 2014 yaran da ba farare ba su suka fi yawa a azuzuwan.

To ka'idar tana aiki kuwa? A nan ya kamata a yi adalci. Malamai takwas a gunduma ɗaya ba su isa hujjar da za a ce an tabbatar da komai a ƙasa mai ɗalibai miliyoyi ba. Binciken nata ya nuna yadda gwanaye suke, bai nuna cewa in ka ɗauki malami na tsaka-tsaki ka koya masa waɗannan halaye sakamakon yaransa zai tashi ba. Ko masu goyon bayanta sun yarda da haka. Christine Sleeter ta rubuta a 2012 cewa fagen na buƙatar ƙarin bincike da zai haɗa irin wannan koyarwa da sakamakon ɗalibai kai tsaye. Hujja mafi ƙarfi da aka samu ta zo a 2017, daga Thomas Dee da Emily Penner. Sun duba wani darasin tarihi da al'adun ƙabilu da aka gwada a wasu makarantun sakandare na San Francisco, inda ake tura ɗaliban da makinsu ya yi ƙasa da wani mizani. Da suka kwatanta waɗanda ke dab da mizanin ta sama da ta ƙasa, suka ga zuwa makarantar waɗanda aka tura ya ƙaru da maki 21 cikin 100, matsakaicin makinsu ya tashi da 1.4 a ma'aunin da ƙololuwarsa 4 ce. Wannan babban tasiri ne. Amma su kansu masu binciken sun ja kunne: yara ne na wani rukuni, a hannun malaman da suka sa kansu kuma aka horar da su sosai. Ba a ce duk inda aka liƙa wa darasi wannan suna haka za a gani ba.

Kuma liƙa sunan shi ne abin da ya faru. Ka'idar ta yi farin jini, gundumomi suka sa ta a takardunsu, masu shirya bita suka samu kasuwa. Abin da ya isa aji sau da yawa shi ne hoton Martin Luther King a bango, ranar da kowa zai zo da abincin gidansu, da littafi ɗaya ko biyu masu baƙaƙen jarumai. A 2014 ita da kanta ta rubuta cewa abin da take gani ana yi da sunan aikinta sau da yawa ba ta gane shi, kuma ɓangare na uku, na buɗe wa yaro ido a kan al'ummarsa, shi aka fi jefarwa. Ni kuwa ina ganin ɓangare na farko ma ya sha wuya. Akwai malamin da zai tausaya wa yaro har ya daina neman komai a wurinsa, ya karɓi aikin da bai kai ba don kada ya ɓata masa rai, yana ganin ya girmama al'adarsa. Wannan raini ne da aka yi wa ado. Matan takwas ɗin nan ba haka suke ba. Ɗaya daga cikinsu aljabara take koya wa 'yan aji shida. Lisa Delpit, wata masaniyar ilimi baƙar fata, ta daɗe tana wannan gargaɗi: yaron talaka na buƙatar a koya masa Turancin ofis da ƙa'idojin masu iko ƙarara, domin ɗan mai hali a gida yake tsintarsu.

Akwai haɗari na biyu, shi ne a mai da al'ada tambari. Malamin da ya ji labarin gambara ya yanke cewa duk baƙin yaro gambara yake so, bai fahimci komai ba. Waccan malamar ta yi amfani da gambara ne don ta san yaranta, ta ji abin da suke rerawa a filin wasa. A wani ajin abin zai zama waƙar coci, ko gyaran mota, ko labarin ƙasar da iyaye suka baro. Shi ya sa da Django Paris ya kawo gyara a 2012, yana cewa bai isa a yi amfani da al'adar yaro a matsayin tsani ba, dole makaranta ta taimaka wa harshen da al'adar su ɗore, kuma a tuna al'adar matasa kullum sauyawa take, Ladson-Billings ba ta yi kishi ba. Ta karɓi gyaran a fili.

Mai karatu a Kano ko Zinder ba zai ji wannan bahasi baƙo ba, ko da yake ba daidai yake da na Amurka ba. A wurinmu sau da yawa malami da ɗalibi ƙabila ɗaya ne, unguwa ɗaya, tazarar tana tsakanin gida da makarantar boko ne. Yaron da ya haddace izu goma, ko yarinyar da ke lissafin canjin talla ba ta kuskure, sai a kira su daƙiƙai don ba su amsa tambaya da Turanci ko Faransanci ba. Gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ile-Ife daga 1970, inda aka koyar da yara da Yarbanci tsawon shekara shida na firamare ana ba su Turanci a matsayin darasi, ya nuna yaran ba su koma baya ba, har sun zarce takwarorinsu. Hanya daban, amma tushen ɗaya ne: a fara daga abin da yaro ya zo da shi.

Ta yi ritaya daga Wisconsin a 2018, ta kuma shugabanci Kwalejin Ilimi ta Ƙasa, majalisar manyan masanan fagen, daga 2017 zuwa 2021. Sai ga shi a daidai lokacin aikin nata ya faɗa tsakiyar rikicin siyasa. Tun kafin nan an ga alama: a 2010 jihar Arizona ta yi dokar da ta kai ga rufe darasin nazarin Amurkawa 'yan asalin Meziko a makarantun Tucson, sai a 2017 wani alƙalin tarayya ya yanke cewa ƙiyayyar launin fata ce ta motsa matakin. Daga 2021 kuma jihohi irin su Idaho, Oklahoma, Tennessee, Texas da Florida suka yi dokoki ko ƙa'idojin taƙaita yadda malami zai tattauna launin fata a aji. Masu goyon bayan dokokin suna cewa ana cusa wa yara siyasa, ana sa fararen yara jin laifin abin da ba su aikata ba. Ba zan ce damuwar ba ta da tushe sam ba. Malamin da ya mai da aji dandalin ra'ayinsa ya ci amanar iyaye, kowane ɓangare yake. Amma yaran da suka tambayi dalilin tsufan littattafansu ba ra'ayin malamarsu suka haddace ba. Hujja suka nema, suka kuma rubuta ta da hannunsu. Dokar da aka rubuta da faɗi har malami ya ji tsoron irin wannan darasin, ta hana abin da makaranta ta wanzu dominsa.

Matsalar da ta fi waɗannan dokoki wuya ita ce wadda ta taso tun daga binciken farko: ta yaya ake samar da irin waɗannan malamai? Dabara ana koyar da ita a bitar kwana uku. Yarda cewa ɗan talaka zai iya aljabara ba a koyar da ita haka. Ladson-Billings ta gwada da kanta. A Wisconsin ta taimaka aka kafa wani shiri na horar da sababbin malamai domin azuzuwa masu yara iri-iri, inda ake tura ɗaliban malanta su yi aiki a cikin unguwanni kafin su tsaya gaban allo, ta kuma bi takwas daga cikinsu ta rubuta labarinsu a littafin da ya fito a 2001. Irin wannan horo yana cin lokaci da kuɗi, ɗalibai kaɗan yake ɗauka a lokaci guda, ƙasar kuma tana da malaman makarantun gwamnati sama da miliyan uku.